Kawu Mai Gyaran Rigar Kula

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya kai da mutanen gida. Mu nan lafiya lau, sai ƙaramin yarona da ke fama da haƙori, ya hana kowa sakat. Maigidan ma yana gaishe ka.

Na san za ka yi mamaki. Ni ce Auta, 'yar ƙanwarka. Ba ka san ni da girmana ba, ni ma ban san ka da wayona ba. Amma Inna ta sha ba ni labarinka, cewa kana can babban gari a layin teloli da ke bayan tasha, kuma ba ka ɗinka kayan mutane, sai rigunan kula da na fulas. Babu mai lambar wayarka a cikinmu, shi ya sa na rubuto.

Sana'ata ce ta shiga wani hali. Ina dafa wa ma'aikatan wani kamfanin bokitai abincin rana. Kamfanin yana can ƙarshen gari, ga nisa ga cunkoso. A kuloli nake zubawa, kowace da rigarta mai soso a ciki, mai babur ya kai musu. Da farko abinci yana isa da tururinsa. Yanzu kuwa sai ya isa kamar ya kwana a waje, man miya ya daskare a sama. Manaja ya kira ni ofis ya ce ma'aikata sun fara komawa wajen mai burodi a bakin ƙofa, in ban gyara ba zai nemi wata.

Na duba rigunan. Wasu zip ya mutu, wasu gindi ya fashe, duka sun yi laushi kamar tsumma, ga wani wari da ya fi ƙarfin sabulu. Akwai guda da na sa wa dutsen guga don ta yi kyau, sai ledar nan mai ƙyalli ta ciki ta narke ta manne wa dutsen. Don Allah kada ka yi min dariya. Telolin nan garin sun ce ba aikinsu ba ne, allurarsu karyewa take.

Ga shida nan a buhu, na ba direban farar mota ya kawo maka. Ka taimaka min, Kawu. Da wannan girkin muke riƙe gida.

'Yarka,
Auta

*

'Yata,

Na karɓi gaisuwarki hannu biyu. Ni lafiya, sai gwiwa, ita kuma mun saba. Kunne ma ya yi nauyi, shi ya sa na daina riƙe waya. In ta yi ƙara, maƙwabcina mai guga ne ke ji, ni ban ji.

Da direba ya miƙo min buhun na ɗauka aiki ne kawai. Da na kai inda kika ce ke 'yar ƙanwata ce, sai na ja ƙofar shago na zauna. Ranar ban taka keke ba. Mai guga ya leƙo ya ce, “Lafiya?” Na ce, “'Yar ƙanwata ce ta neme ni.” Ya ce, “To kukan na mene ne?”

Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta da rahama, ta tafi ta bar ni da abin da ban iya rubutawa. Lokacin rasuwar na so in gan ki, sai dangin babanki suka ce a bar ki, kada a gaya miki tukuna, ba za ki iya ɗauka ba. Ban ja da su ba, ni ɗan'uwan mace ne, ba ni da ta cewa a gidan mutane. Amma tunda ke da kanki kika nemo ni, na gode wa Allah. Sunan Auta ne dai ya ɗan ɗaure min kai, amma kowane gida da irin sunan da yake laƙa wa yaro.

Yanzu maganar aiki. Na farke su duka. Soson ciki ya mutu, saboda kina jiƙa su a ruwan zafi kina matsewa. Soso in ya sha matsa kwanciya yake, ba ya ƙara riƙe zafi. Warin kuma miya ce ta bi ramukan ɗinki ta shige ciki ta yi funfuna. Na sa sabon soso da sabuwar leda, na canza zip ɗin da suka mutu. Daga yau, tsumma mai ɗanshi da ɗan sabulu za ki sa ki goge ciki, ki juya su ki shanya a inuwa, kada ki ja zip sai sun bushe sarai. Zip in ya fara gardama, ki goga masa kyandir. Maganar dutsen guga kuma, ni da mai guga mun yi dariya, ki yafe mana.

Abu ɗaya. Riga ba ta zama daidai sai an gwada ta a jikin uwar. In za ki sake aiko da wasu, ki haɗo min da uwar in gan ta da idona.

Motar direba ta lalace, kayan sun jima a nan kafin su taso. Ki yi haƙuri.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, haƙorin yaro ya fito. 

Kawu, wa ya gaya maka Inna ta rasu?

Ina tsaye a kicin, shinkafa tana kan wuta, na buɗe wasiƙarka. Da na kai wajen “Allah ya jiƙanta”, sai na rarumi waya. Na kira wayar Inna, a kashe. Na kira ta Yaya, tana ƙara ba a ɗauka. Na sake karanta inda ka rubuta an ce kada a gaya min tukuna, na ce shi ke nan, ɓoye min suka yi. Na bar tukwane a kan wuta na fita, takalmi ma wari-wari na sa. Maigidan ne ya sauke shinkafar bayan ta ƙone, ya sayi burodi ya kai wa ma'aikata a cikin sababbin rigunanka.

Tun daga tasha nake kuka har garinmu. Wata mata a motar ta yi ta ba ni haƙuri, har ita ma ta kama kukan. Na faɗa gida da salati, sai ga Inna zaune a tsakar gida, ta miƙe ƙafa tana yanke farce, tana faɗa da maƙwabciya ta saman katanga a kan kaza. Wayarta kuwa bokiti ta faɗa, ga ta nan a shanye a kan taga.

Ta ɗago ta ce, “Ke kuma wa ya mutu?”

Na ce, “Ke.”

Ta sa na karanta mata wasiƙar sau biyu. Ta ce, “Ni wannan dogon zai kashe da biro? Ni da na sha wanke masa kaya a gidan kakarmu?” Da muka kai inda ka ce in haɗo maka da uwar ka gan ta da idonka, sai ta tafa hannu ta ce, “A saman takarda ya binne ni, a ƙasanta kuma yana so a sa ni a buhu a aika masa. Tsufa ya taɓa shi.”

Ni ban san me zan ɗauka ba. Maigidan ya ce wataƙila kular kake kira uwa, don haka ga guda ɗaya nan tare da sauran rigunan. In kuwa Innar kake nufi, ta ce ba ta zuwa.

Manaja ya yi fushi ƙwarai da maganar burodi. Ya ce wannan ne kashedi na ƙarshe. Amma gaskiya aikinka ya yi kyau. Washegari da aka buɗe kulolin da ke cikin rigunanka, tururi ne ya tashi, har wani ya ƙona harshe ya zo yana min godiya. Mutumin da hannunsa ke irin wannan aiki, ban yarda kansa ya taɓu ba. Don Allah ka warware min.

Inna ta ce duk da haka a gaishe da Goggo matarka da tagwayenku.

Auta

*

'Yata,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa da sauƙi. Kaina ne babu sauƙi tun da wasiƙarki ta iso.

Zan faɗa miki a hankali. Ni na sauke mahaifiyarki a kabari da hannuna. Ba jiya ba, ba bara ba. Lokacin kin fara tafiya ke nan kina kama bango. Ke kaɗai ta haifa, ke ce fari ke ce auta, na ɗauka daga nan sunan ya fito. Daga baya babanki ya tashi da ke zuwa wani gari, na yi cigiya har na gaji.

Sannan ni ba dogo ba ne. In na zauna a kan keke da ƙyar ƙafata ke kai feda. Tagwaye ban taɓa haifa ba, ko ɗaya ma Allah bai ba ni ba, matata kuma ta jima da rasuwa. Ni kaɗai nake a ɗakin bayan shago.

Mai guga ya ce, “Anya ba kuskuren gida aka yi ba?” Na ce masa a duk layin nan wa ke gyaran rigar kula in ba ni ba? Kuma mutum nawa ne ke da 'yar ƙanwa da bai gani ba tun tana ƙarama? Sai ya koma kan gugarsa.

Na juya maganar ta kowane gefe, ga abin da na gano. Matar da kike kira Inna ita ce ta riƙe ki bayan rasuwar, kuma har yau ba a gaya miki ba. Ita ba ta san ni ba. Ta dai ji an ce kina da kawu mai gyaran kula, sai ta haɗa ni da wani dogon ɗan'uwanta. Da na san ba ki sani ba, da ban rubuta yadda na rubuta ba. Kada ki riƙe ta da komai a ranki. Wadda ta raine ki har kika iya tafiya gari guda kina kuka dominta, uwa ce.

In kina shakka, ki duba hannunki na hagu, ƙasa da gwiwar hannu. Akwai tabon ƙuna. Fulas ɗin shayina kika jawo a wannan shagon.

Maigidanki ya yi gaskiya, kular nake nufi. Haka muke faɗa a wajen aiki. Gara da kika aiko ta, don ba riga kaɗai ke da laifi ba. Robar da ke zagaye murfin ta saki, ta nan zafi ke gudu. Ko rigar bargo kika sa mata, in murfi bai kama ba aikin banza ne. Na sa miki sababbin robobi a leda, ki canza wa sauran da kanki, ba wuya. Gindin rigunan kuma na ninka shi biyu, tunda a kan babur suke shan girgiza.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Yara lafiya. Ni kam ban sani ba.

Akwai tabon. Mai girki ce ni, hannuwana duk tabo ne, kuma kowane na san tukunyar da ta yi min shi. Wannan ɗayan ne kawai ban san asalinsa ba. Tun ina yarinya yake nan.

Na tsaya gaban madubi na daɗe. Yayyena duka dogaye ne kamar Inna, ni kaɗai ce gajera. Da in an tsokane ni dariya nake. Na kira Yaya na tambaye ta a fakaice, ta ƙyalƙyale da dariya ta ce a gabanta aka haife ni. Amma lokacin ita kanta ba ta shiga makaranta ba, me ta sani?

Aiki ya rikice min. Ran nan sau biyu na zuba gishiri a miya. Ma'aikata sun ce da abinci yana zuwa da daɗi ba zafi, yanzu yana zuwa da zafi ba daɗi. Manaja kallona kawai ya yi, ni kuwa na fi tsoron wannan. Robobin na canza, sai da na gama na ga na sa biyu a murfi ɗaya.

Maigidan ya ce in tambayi Inna kai tsaye. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. Yaya za ka tambayi matar da ta goya ka ko ita ta haife ka? Za ta zo ganin likitan ido wata mai kamawa, a wajena za ta sauka. Wataƙila in ina ganin fuskarta zan iya.

Kafin nan, Kawu, ka gaya min. Wace irin mace ce ita?

Auta

*

'Yata,

Lafiya lau nake. Ki rage tunani a gaban tukunya, wuta ba ta san mai damuwa ba.

Kin tambaye ni wace irin mace ce. Gajera ce kamar mu, bahaguwa, mai saurin dariya da saurin fushi. Babanmu gyaran agogo yake yi a bakin tsohuwar tasha, daga wajensa ta gaji ido. Abin da zan yi ta laluba da tabarau, ita daga bakin ƙofa take hango shi. Da na buɗe wannan shago ita ke sa min zip, ni ina yanka soso. Ba ta yarda da ɗinkin da ya karkace, ko a cikin riga ne inda ba mai gani. Takan ce mai kula ba zai gani ba, amma zafi zai gani. Tana waƙa in tana aiki, muryar kuwa ba daɗi, ba kuma mai iya gaya mata.

Da ta haife ki nono bai ishe ki ba, sai aka haɗa miki da madarar kwalba. In ta zo shago madarar kan huce kafin ki farka. Sai ta tsinci ragowar yadi da soso ta ɗinka wa kwalbar 'yar riga, har da ɗan maɓalli. Ranar da aka tafi da ita asibiti a nan ta manta ta, a kan teburin yanka. Tun lokacin tana cikin akwatina.

Ga ta nan na naɗe miki a cikin aljihun babbar rigar. Ki duba ɗinkin ciki. Taki ce.

Kawunki

*

Assalamu alaikum,

Na daɗe da biro a hannu ban san da wane suna zan buɗe wannan wasiƙa ba. Ina fatan kana lafiya. Mu lafiya.

Inna ta zo. Da la'asar muna zaune ina goge rigunan kula, tana taya ni juya su, sai na miƙa mata hannuna na ce, “Inna, wannan tabon fa?” Na gaya mata komai. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta ja hannun rigarta ta nuna min bayan hannunta na dama, inda fatar ta tattare. Ta ce, “Tukunyar ruwan wanka kika jawo. Ni na tare da wannan. Abin da ya same ki ragowa ne.” Kullum ina ganin hannun nan, ban taɓa tambaya ba. Ta ce, “Tsawo kuma, ki je ki tambayi dangin ubanki, duk cikinsu babu wanda ke iya sauke kaya daga saman kabad.”

Sai ta ce, “Kira min direban nan.”

Ya zo yana goge hannu da tsumma. Inna ta ce, “Wa kake kai wa saƙon 'yata?”

Ya ce, “Kawunta mana. Wani ɗan gajeren tsoho mai tabarau ɗaure da zare.”

Inna ta ce, “Ɗan'uwana sai ya sunkuya yake shiga ƙofa.”

Ya ce, “Hajiya, ni dai na shiga layin na ce ina mai gyaran rigar kula, aka nuna min shago, na ce ga saƙon 'yarka, ya karɓa. Har shayi yake ba ni.”

To ka ji. Kawun da nake nufi ɗan wan baban Inna ne, tare suka tashi a gidan kakarsu, shi ya sa na ce ni 'yar ƙanwarsa ce. Ni ba 'yar taka ƙanwar ba ce. Ban taɓa shiga shagonka ba.

Na zaci zan ji sanyi a raina, kuma na ji, na rungume Inna har ta ce zan karya ta. Amma da na karanta mata wasiƙarka ta ƙarshe, na ɗora mata 'yar rigar kwalbar a tafin hannu, sai ta juya ta ta duba ɗinkin ciki, ta daɗe tana kallo. Matar da ta yi ta kiran ka mai taɓin tsufa, sai ga ta tana share ido da gefen mayafi. Ta ce, “Bawan Allah. Mu muna ta masa tsiya, shi yana can yana murna ya ga 'yarsa.”

Ga 'yar rigar nan na dawo maka da ita, na naɗe ta a sabon yadi. Tana da mai ita a wani wuri. Ka yafe min. Da na rubuta sunan Inna a wasiƙar farko da duk wannan bai faru ba.

Akwai riguna uku a buhun da igiyar ratayarsu ta tsinke. In ba ka so ka ƙara taɓa aikina, ka bar su su dawo haka, zan gane.

Auta

*

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa da sauƙi. Rigunan sun iso, igiyoyin sun ɗinku ram. Na zazzage buhun, na laluba kowane aljihu, babu wasiƙa. Mota ta sake zuwa ta dawo, babu. Direba ya ce kana buɗe shago, kana aiki, amma ka daina ba shi shayi, kuma ba ka ɗago kai. Na ce masa shayin kam ya cancanci a hana shi.

Ka ga na koma kiran ka Kawu. Ba ni na yanke ba, Inna ce, don har yanzu tana nan wajena. Tun da ta ji babanku gyaran agogo yake a bakin tsohuwar tasha ta hana kanta sukuni. An gyara mata waya, ta kira duk wata tsohuwa da ta rage a danginmu. Shekaranjiya ta shigo kicin ta ce, “Na samo shi. Mahaifiyar mai agogon nan 'yar babban wan babana ce, wanda ya bar gida tun ba a haifi babana ba. Jini ne. Kawunki ne, magana ta ƙare.” Na ce ta sake min bayani, ta sake, na ƙara ɓacewa. Maigidan ya ce anya Inna ba ɗinka zumuncin nan ta yi da kanta ba. Ta ce in ma ɗinki ne, ai gidan maɗinka za a kai.

Ta kuma ce ka aiko da sunan mijin ƙanwarka da garin da ya koma. Ta ce ita ba ta taɓa neman mutum ta rasa ba.

Manaja ya sauko. Har ya ce in fara kai wa masu aikin yamma. Ke nan ina buƙatar sababbin riguna, ba gyara ba, kuma kulolin da na saya manya ne, ba sa shiga buhu.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda take. Ki gaishe da maigidanki da yara, ki gaishe da Innarki gaisuwa ta musamman.

Ba fushi na yi ba. Kunya ce, da wani abu kuma da ban san sunansa ba. Watannin nan ina da 'ya. Ina tashi da safe in ce yau mota za ta zo. Na gaya wa duk layin, har mai sayar da zare ya yi min barka. Da wasiƙarki ta zo sai na rasa yadda ake komawa inda nake da. Na zauna zan rubuta miki, in fara da “'yata” in soke, in fara da “malama” in soke.

Na je na nemo dogon naku. Yana can ƙarshen layi ta wajen masu taya, ya jima da barin keke, rigunan waya yake sayarwa yanzu. Na ce masa 'yar ƙanwarsa Auta tana nemansa. Ya ce, “Wace Auta?” Na yi masa bayani. Ya ce a gaishe ku, ya juya wajen mai ciniki. Tagwayen dai gaskiya ne, na gan su, sun fi shi tsawo.

Maganar neman yarinyar, ina so, ina kuma tsoro. Ban san ko zuciyata za ta ɗauki wani kuskuren ba. Amma sunan da garin suna bakina, zan faɗa wa Innarki ido da ido, ta yi abin da Allah ya nufa.

Na ce ido da ido, don kulolin da ba sa shiga buhu dole a auna su a inda suke. Ran Asabar zan rufe shago in biyo farar mota da tef ɗin awo da almakashi. Rabona da barin garin nan har na manta yadda ake zama a mota. Mai guga zai duba min ƙofa.

Saura lissafin Innarki. Ni da mai guga mun share teburin yanka, muka zana shi da allin ɗinki, kowa da gidansa, muka ja layi. In mahaifiyar babana 'yar wan baban Innarki ce, to ita da Innarki ya da ƙanwa ne. Ke nan babana da ke wa da ƙanwa ne. Mun goge mun sake, mun kira mai zare shi ma ya duba, amsar ba ta canza ba. Ni ba kawunki ba ne, Auta. Ke ce goggona.

Na karɓa haka nan. Mutum mai furfura irina bai isa ya ƙi goggo ba in Allah ya ba shi. Sai ki shirya, ɗanki yana tafe, kuma ba ya cin gishiri da yawa.

Naki,
Mai gyaran rigar kula